Yatsu Huɗun Gwaggo 'Yardada

Ranar Asabar ta biyu a watan Muharram na bara aka kawo ƙarshen zamanin keken ƙafa a birnin Kano. Alhaji Hashim Mikail ne ya kawo ƙarshensa, da misalin sha ɗaya na safe, a soron gidan kakansa da ke bayan marinar Ƙofar Mata, a gaban shaidu da kujerun haya da lasifika. Ya yaye ƙyalle daga kan wasu fararen injina uku da ya sayo, ya sanar da jama'a cewa daga yau ɗinki ya koma hannun ilimi. Aka yi tafi, aka sha lemo.

Sanarwar ba ta kai cikin gida ba. Tsakanin lasifikar da keken da aka kawo ƙarshen zamaninsa katanga ɗaya ce, kuma duk lokacin da mai jawabi ya tsaya jan numfashi, sai a jiyo keken daga tsakar gida yana ta aikinsa. Mai taka shi ita ce Gwaggo 'Yardada, ƙanwar mahaifin Alhaji Hashim, shekarunta saba'in da ɗaya. An gayyace ta taron, ta ce tana da wandon makaranta guda shida da za a zo karɓa kafin azahar.

Haka safiyarta take tun kafin a haifi yawancin waɗanda suka yi tafin. In ta idar da asuba ta gama lazimi, sai ta share ƙarƙashin rumfa, ta ɗage murfin katako daga kan keken, ta goge shi da wani tsohon ɗankwali. Ta ɗiga masa mai da tsinken tsintsiya, ɗigo ɗaya a kowace kafa, sannan ta bi ta kan tsumma sau uku don kada man ya taɓa kayan mutane. Ba ta fara ɗinki sai haske ya sauko kan katangar yamma. Daga nan har kiran azahar ƙafarta ba ta hutawa, sai in wata ta yi sallama da ƙullin kaya a hannu da yaro a gaba za a gwada shi.

Wajen awon nan ne duk labarinta yake. Takan gwada yaro da tef kamar kowane tela. In ta zo yanka, sai ta ɗora tafin hannunta a kan yadin, ta ƙara faɗin yatsu huɗu a kowane gefe, huɗu a ƙasa, ta lanƙwasa rarar ta yi kalmasa, ta ɗinke ta a ɓoye daga ciki. Ajiya take kiranta. Baɗi in yaro ya ƙara tsawo ko ya yi ƙiba, uwarsa ta dawo da rigar, a farke, a saki yatsa ɗaya ko biyu, riga ta koma daidai.

Mu da muka tashi a lungun nan ba mu gode mata a lokacin ba. Yaro sabon kaya yake so, ita kuwa ta toshe wannan hanyar. Akwai wani wando ruwan toka da ya raka ni daga aji uku har aji shida, ina girma yana girma, ina addu'ar ya gaza, yana ƙin gazawa. Sai da na fara saya wa nawa 'ya'yan yadi na gane ko waye yatsun nan huɗu suke yi wa aiki.

Ba ita ta ƙirƙiro abin ba, gado ne, kuma tare da kekunan ya zo. Mahaifinta Malam Ashafa tela ne a Kasuwar Kurmi. Da keken hannu ya fara, irin wanda ake juyawa da dama ana tura yadi da hagu. Da hali ya samu ya sayi na ƙafa, sai na hannun ya dawo gida, a kansa 'Yardada ta koya tana 'yar shekara tara. Ɗansa namiji, Mikail, boko ya bi har ya zama ma'aikacin ofis. Saboda haka da Malam Ashafa ya rasu babu wanda ya yi jayayya a kan kekunan, aka bar wa wadda ta san inda ake ɗiga musu mai. Ta tafi da su gidan miji, mijin ya rasu ta dawo da su. Abin da mahaifin ya bar mata ban da ƙarfe magana ce guda: ba a ɗinka wa yaro jikin da ya zo da shi, jikin da zai koma da shi ake ɗinka wa.

Malam Sule marini, maƙwabcinsu, ya taɓa lissafa min wata rigar Sallah da ta ɗinka wa babbar 'yarsa. Shekara uku tana sawa ana saki. Da ta wuce ta, aka mayar da ajiyar ciki, ta bi ƙanwarta. Da launinta ya koɗe ya tsoma ta a karofi, ramin rininsa, ta fito baƙa wuluk, ta bi ta uku.

"Ni na rina, ita ta ɗinka," in ji shi, "amma in gaskiya za a bi, Gwaggo ce ta tufatar da gidana. Ni dai sunan uba na ɗauka."

Ke ce, Gwaggo, wadda kika yi shekara hamsin da ɗoriya kina shirya wa gobe a garin da ko yau ba a gama shirya mata ba. Babu wanda ya ba ki ajiyar nan, babu wanda ya roƙe ki. Wasu ma sun yi ƙorafin kaurin kalmasarki, kika ji, kika ci gaba. 'Yar Ashafa, mai awon gobe.

Alhaji Hashim ba mugu ba ne, kuma ita da kanta ta ja min kunne a kan haka. Da na ce mata zan yi wannan rubutu, sai ta ce, "Kai da rubuce-rubucenka. Yi abinka, ai ba karanta boko nake ba. Amma kada ka ɓata min ɗa." To ba zan ɓata shi ba. Mutum ne da ya karanci harkar kasuwanci a jami'a, yana son sunan kakansa ya ɗaukaka, ya kuma zuba dukiyarsa don haka. Ya dubi yatsun nan huɗu da idon karatu, ya ga asara.

"Gwaggo," ya ce mata wata rana, "yadin da kika binne cikin kalmasa, in aka shimfiɗa shi sai ya kai Goron Dutse daga nan."

"Ban binne ba, Hashimu. Ajiyewa na yi."

"Yanzu duniya ta wuce nan. Ciki da waje duk tsaf ake so."

"Allah Ya sa albarka," ta ce, ta ci gaba da taka kekenta.

Cikin injinansa uku akwai wanda teloli ke kira wibin. Aikinsa ya rufe bakin yadi da zare don kada ya zare, kuma yana tafe da wata 'yar wuƙa da ke datse duk abin da ya yi saura a bayan ɗinki. Riga takan fito cikinta kamar wajenta, babu kauri, babu zare yana reto. Mai sarrafa injinan ita ce ƙanwarsa Mardiya, mace mai shekara talatin, wadda ta fara koyo a gindin keken Gwaggo kafin ta je ta yi difloma. Shi Alhaji nasa jawabi ne.

A unguwarmu akwai Islamiyya da kan yi saukar Alƙur'ani, kuma al'adarta 'yan matan da suka sauke su fito cikin farar doguwar riga iri ɗaya. Shekara da shekaru Gwaggo ce ke ɗinka su. A wannan karon aka ba sabon shagon Alhaji Hashim, riga talatin da ɗaya, an sa bikin cikin watan Maulidi. Ba ta nuna ɓacin rai ba. Ta dai leƙo soro ta tarar ana yanka.

"Hashimu, ka bar musu ajiya."

"Gwaggo, an riga an sa rana. Saura sati biyar. Wa zai girma a sati biyar?"

"An sa rana," ta ce. "A Kano."

Ta koma ciki. Kwana uku aka gama ɗinkin, kuma in faɗi gaskiya ya yi kyau ƙwarai. Kowace riga ta zauna a jikin mai ita cif-cif. Iyaye suka karɓa suka ninke suka adana.

Sai babban baƙon da zai raba allo ya tafi Umara. Da ya dawo aka ce jarrabawar boko ta matso, a bari a gama. Da aka gama sai baƙon ya shiga wani taro da ba a san ranar fitarsa ba. Sannan azumi ya kama, sannan maniyyata suka tashi. Bikin da aka sa a Maulidi bai tabbata ba sai bayan Babbar Sallah, wata tara cur. An sanar da iyaye kowace ɗagawa a kan lokaci. 'Yan matan ne kawai aka manta ba a ce musu su dakata da girma ba.

Saura kwana biyar Khadijat, matar Malam Sule, ta yi sallama da farar riga a hannu, autarsu Ummi na biye da ita kanta a ƙasa. Shekara shida yarinyar tana zuwa Islamiyya, ranar nan take jira. Rigar ta ƙi wuce kafaɗa. Makaranta kuwa ta ce wadda ba ta cikin farar riga ba za ta hau dandamali ba, sai dai ta karɓi allonta daga baya.

"Gwaggo, ga 'yarki ta zama bishiya. A ɗan saki."

Ta faɗa ne kamar yadda ta saba faɗa shekara ashirin, ba tare da wata damuwa ba. Gwaggo ta karɓi rigar ta juya cikinta, ta bi gefen da yatsa daga hamata har ƙasa. Ta sake bi. Babu ko faɗin tsinke.

"Babu?" in ji Khadijat.

"Babu."

Khadijat ta zauna a bakin tabarma. "Babanta wata biyu ke nan karofi bai ga aikin kirki ba. Ba zan iya buɗe baki in ce ya sake sayen yadi ba, Gwaggo. Wallahi ba zan iya ba."

"Wa ya ce ki ce? Ajiye rigar. Ummi, zo nan in gwada ki, ki daina kukan nan, ai girma ba laifi ba ne."

Kafin la'asar riguna tara ne jibge a kan tabarmar, duk ciwo ɗaya, duk daga gidajen da ba a sayen yadi sau biyu. Mardiya ta duba ko akwai ƙyallayen da suka rage, amma abin da wuƙar wibin ke zubarwa siraran zare-zare ne, kuma tuni masu cusa matashi suka kwashe. Ta kira yayanta, yana Legas wajen wani taro a kan makomar ɗinki a Afirka. Ya ce abu mai sauƙi ne, iyaye su kawo sabon yadi, injin zai gama riga tara a yini ɗaya. Gaskiya ya faɗa, injin zai iya.

Abin da ya biyo baya daga bakin Mardiya na ji, don ita kaɗai ce a wurin. Washegari da hantsi Gwaggo ta kira ta ɗaki, ta ce ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A can ƙasa, ƙarƙashin atamfofi, akwai wani farin yadi a naɗe cikin zane, yana ƙamshin kafur. Mardiya ta san ko mene ne, duk gidan an sani. Shekara ashirin da biyu da suka wuce marigayi Mikail ya kai ƙanwarsa aikin Hajji, zuwanta na farko kuma na ƙarshe. A can ta sayi likkafaninta, ta tsoma shi a ruwan zamzam, ta shanya shi a ranar Makka, ta naɗo shi zuwa gida. Malamai suna da maganganu a kan wannan al'ada, ita dai ba ta tambaye su ba. Mai shagon ya ce mata yadi goma sha biyu ya ishi mace mai jikinta. Ta ce ya ƙara uku.

"Gwaggo, wannan kuma na mene ne?"

"Fari ne ko ba fari ba?"

"Haba Gwaggo! Bari in nemo wani wajen. In bi dangi, in..."

"Ki bi dangi ki ce me? Ɗinkin gidan Ashafa ya gaza, a taimaka? Daga gidan nan rigunan suka fita, a gidan nan za a gyara su. Miƙo almakashi."

Dabarar ita ce a farke kowace riga ta gefe biyu, a shigar da dogon ƙyalle daga hamata zuwa ƙasa, a kuma ƙara baki a gindi. Mardiya ta gwada, ta sake gwadawa, ta ɗan sami sanyi a ranta.

"Rarar nan uku da kika ƙara ta isa, Gwaggo. In aka yi cif-cif, ba sai an taɓa sha biyun ba."

"Cif-cif?"

"Ai yini ɗaya ne bikin."

"An rantse miki ba za a sake ɗagawa ba?"

Mardiya ta girgiza kai.

"Yaran sun gama girma?"

"A'a."

"To ki ƙara yatsu huɗu."

"Sai an ci yadi biyu daga naki fa."

"Ci. Lokacin da na saya ni ƙatuwa ce. Su girma suke, ni raguwa nake."

Kwana huɗu suka yi a kai, daga fitowar haske zuwa lokacin da idonta ke daina rarrabe fari da fari. Mardiya ke farkewa, ita ke zura mata zare a allura, don ramin allurar ya daɗe da ɓace mata. Amma takun keken ba ta bar wa kowa ba, duk da gwiwar da ke kumbura kafin azahar. Ta ce yadin ya yi shekara ashirin yana jiran ta ɗinka shi, ba za ta ba shi kunya ba.

Ranar bikin 'yan mata talatin da ɗaya suka hau dandamali, babu wadda ta rage a ƙasa. Ummi ta karanta nata rabon, Malam Sule yana can baya cikin maza yana goge ido da hannun da shuni ya rine. Yadin da ya daɗe a akwati farinsa yakan ɗan ja zuwa ruwan madara, saboda haka riguna tara suka fito da wani siririn layi a gefe. Mai gabatarwa ya lura, ya yaba wa Alhaji Hashim a kan wannan sabon salo, ya ce ga amfanin ilimi. Alhaji, wanda ya sauka daga jirgi da safen nan, ya miƙe ya ɗaga hannu. Har wasu iyaye suka yi gunagunin me ya sa ba a yi wa nasu 'ya'yan layin ba. Gwaggo ba ta je ba, ƙafar ta hana.

Shi ne ɗinkinta na ƙarshe. Likita ya ce yanar ido ce ta kama ta, za a iya cirewa, gwiwar kuma sai haƙuri. Bayan sati ɗaya ta kira Mardiya ta damƙa mata keken hannu da na ƙafa, da tsinken tsintsiyar, da tsohon ɗankwalin. Injinan zamani ma sun dawo hannun Mardiya, domin Alhaji Hashim ya koma harkar sola, ya tafi kawo ƙarshen wani zamanin. Abin da ta fara yi shi ne ta ɗauko sukudireba. Ashe wuƙar wibin ɗin nan tana kwancewa, sukurori biyu ne kacal ke riƙe da ita. Ta cire ta ta jefa a aljihun keken ƙafa, inda Malam Ashafa ke ajiye karyayyun allurai. Yanzu kekuna biyar ne a gidan, na kaka da na jika, kuma dukkansu da awo ɗaya suke aiki.

Gwaggo, iyayen yaran nan tara ba su san da me aka faɗaɗa rigunan 'ya'yansu ba, yau za su sani, ki yafe min. Ba a taɓa kiran sunanki a lasifika ba. Ba ki da allon shago, ba ki da takardar yabo a bango. Amma babu gida a lungun nan da ba a taɓa farke kalmasarki aka tarar kin riga kin yi tunanin mutanen gidan ba. A madadin duk wanda wandonki ya raka shi makaranta yana ƙunƙuni, mun gode. Allah Ya ba ki lafiyar ido da ta ƙafa, Ya sa abin da kika ɓoye wa 'ya'yan mutane ki tarar an ɓoye miki ninkinsa.

Mu kuma da muka yi karatu, muke tsara wa jama'a abubuwa cif-cif a takarda, da ma mu riƙa tunawa cewa rana takan ɗagu, yaro yakan girma, kuma wanda ba ya wurin taron shi yakan cike giɓin. Kowace irin sana'a mutum yake yi, ya bar yatsu huɗu.

Ranar da Gwaggo ta miƙa kekunan, bayan kowa ya watse, ta ce Mardiya ta ɗauko tef. Ta kwanta a miƙe a kan tabarma, ta haɗa ƙafafunta, ta ce a gwada ta daga ka zuwa tafin ƙafa, sannan a gwada abin da ya rage na yadin. Mardiya ta gwada.

"Ya isa?"

"Ya isa, Gwaggo."

"Da ajiya?"

"Babu. Cif-cif ne."

Gwaggo ta dubi rufin ɗakin.

"To, ba komai. Can ai ba a girma."

Ta tashi zaune da ƙyar, ta ninke yadin da kanta, ta naɗe shi cikin zanensa, ta mayar ƙarƙashin atamfofi, ta ce a tura akwatin inda yake.